Sunan Habu a Shafin Godiya

Masu sababbin shagunan kwamfuta da suka cika bakin titin Rano a 'yan shekarun nan sun ɗauka aikina bai wuce danna maɓalli ba. Wani cikinsu ya taɓa ce mini, yana dariya, wai shi cikin rabin awa zai shirya maƙala ya tura wa mujalla. Ban musa masa ba. Turawa kam zai tura, yadda za ta dawo masa ne ba zai so gani ba. Na fi shekara ashirin ina shirya wa malamai maƙalu, yawancinsu masu karatun ba da shawara da halayyar ɗan Adam, kuma har yau ba na danna maɓallin turawa ba tare da gabana ya faɗi ba. Da dalili, kuma shi nake so ku ji.

Aikin farko da aka ba ni jerin manazarta ne, wato sunayen littattafan da marubuci ya dogara da su, shafi uku. Wanda ya koya mini sana'ar shi ne marigayi Malam Tanko, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga wa malaman jami'a takardu a Kano kafin ya dawo gida da tafiretarsa. Sau huɗu na buga shafukan nan, sau huɗu yana dawo mini da su da jan biro: nan waƙafi ya ɓace, nan shekara ta riga suna, nan an ambaci mutum a cikin rubutu amma babu shi a jeri. Ba ya faɗa, ba ya yabo. Kayan aikinsa jan biro ne da rula ta katako. Yakan ɗora rular a ƙasan shafi ya riƙa hawa sama layi bayan layi, domin a cewarsa in ka karanta daga sama labari ne zai ɗauke ka, ba za ka ga kuskure ba. Tafiretar ta tafi, kwamfuta ta zo, imel ya maye gurbin ambulan, amma rular tana nan a aljihun teburina.

Kowace mujalla da tata doka, kuma ba sa sassauci. Wata ta ce tsakure, wato taƙaitaccen bayanin maƙala, kada ya wuce kalma kaza, wata ta ce tazara biyu tsakanin layuka, wata ta ce jadawali ya koma ƙarshe. Ka saɓa ɗaya, ko karantawa ba za a yi ba. Sannan maƙala biyu ake shiryawa daga guda. Ɗaya mai suna, ta edita. Ɗaya marar suna, ta masanan da za su duba aikin, domin ba a so su san na wane ne. A nan ne ake gane gwani da ɗan koyo. Suna yana ɓuya a inda ba ka zata ba: a saman shafi, a cikin bayanan fayil, a jimlar da marubuci ya ce kamar yadda na faɗa a aikina na baya. Duk sai ka bi ka kakkaɓe.

Mujallun ba da shawara suna da ɓoyo na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, wato ɓoye mutanen da aka zauna da su suka faɗi damuwarsu. Malamanmu sun ɗauka in sun canza suna sun gama. A birnin Kano ka rubuta wani tela ɗan shekara arba'in, babu wanda zai gane shi. A ƙauye irin Nariya ka rubuta mai injin niƙa, ka riga ka faɗi sunansa da na ubansa. Na sha faɗa da marubuta a kan wannan, na kuma sha cin nasara. Inda na yi sakaci shi ne shafin godiya.

Kun san halin mutanenmu. Ba a gama rubutu ba tare da an gode wa dagaci da liman da shugaban makaranta da uwargida da wanda ya ara babur ba. Mujalla ta ba da layi uku, a kawo mini shafi biyu. Da farko ina jayayya, daga baya na gaji. Sai na ɗauki wata ɗabi'a: da maƙala ta zo, in yanke godiyar in ajiye a wani fayil daban, tunda kwafin masu dubawa ba ya ɗaukarta. In an karɓi aikin, in ce wa mai shi ya taƙaita ta, in manna a mazauninta. Ba na karantawa. A ganina godiya gaisuwa ce, kuma babu wanda ke sa wa gaisuwa rula.

Maƙalar da ta kusa tashin kaina ta Malam Sagiru ce, ɗan Madachi, matashin malami a wata kwaleji, mai ladabi da gaggawa. Ya daɗe yana zama da wasu direbobin haya da suka taɓa yin mummunan haɗari, yana sauraronsu yana ba su shawara, sai ya rubuta abin da ya gani. A rubutun ba su da suna, sai Direba na Ɗaya, Direba na Biyu, haka har shida. Na cire garuruwansu, na cire irin motocinsu, na cire hanyar da suke bi. Labarin Direba na Uku ya fi na kowa tsawo. A ciki akwai wata jimla da ke cewa in abin ya taso masa yakan faka a gefen titi ya ce zai duba taya. Na cire ta. Da masu dubawa suka dawo da aikin, ɗayansu ya ce a ƙara bayani a kan yadda mutumin yake ɓoye halinsa, sai Malam Sagiru ya ce in mayar. Na mayar ba da son raina ba, ina lallashin kaina da cewa direbobi masu duba taya suna da yawa.

An ɗauki kusan shekara ana kai da komo kafin a karɓa. Malam Sagiru yana jiran maƙalar nan kamar mai jiran ruwan shuka, domin ita ce za ta cike masa adadin da ake nema kafin ƙarin girma, kuma kwamitin yana gab da rufe karɓar takardu. Ranar wata Alhamis mujallar ta aiko da kwafin ƙarshe, ta ce a duba, a sa godiya in akwai, a amince cikin kwana biyu, za ta fito ranar Litinin. Ya zo da guntuwar godiyarsa a waya, na manna, ya danna amincewa da hannunsa, muka yi hamdala ya tafi.

Da safiyar Juma'a na buga kwafi ɗaya domin ajiyata, kamar yadda nake yi wa kowane aiki. Babu kowa a shago, sai na ɗauko rular don kawai hannuna ya saba. Tunda daga ƙasa nake farawa, bayan manazarta godiyar ce ta fara zuwa. Layi huɗu ne. Ya gode wa Allah, ya gode wa shugabannin tasha, sannan ya rubuta godiya ta musamman ga Habu direba na Fassi, wanda ya yarda aka kawo labarinsa dalla-dalla. Na ajiye rular. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji a kan takarda ba.

Na san Habu, kowa ma ya san shi. Yana ɗaukar fasinja daga Kibiya da Rano zuwa Kano, mutum mai fara'a, mata sun fi son motarsa saboda ba ya gudu. Ni kaina na sha shiga, na kuma sha ganin ya faka ya ce bari ya duba taya, muna zaune muna yabon kularsa. Labari ɗaya ne kawai a maƙalar aka kawo dalla-dalla. Duk wanda ya karanta godiyar ya koma shafi na bakwai, inda labarin Direba na Uku yake, ya gama sanin abin da Habu yake yi a bayan motarsa.

Za ku ce wa zai karanta mujallar Turanci a Rano. Haka kuke cewa kullum, kuma shi ya sa nake cewa ba ku san garinku ba. Duk malamin da aikinsa ya fito sai ya buga ya kai wa waɗanda ya gode wa. Za a sami mai boko a wurin ya fassara da ƙarfi, wani ya ɗauki hoton shafin ya tura a waya. Kafin magariba magana ta kai Kibiya. Kuma mutanenmu ba za su ce firgici ne da ke bin bayan haɗari ba. Cewa za a yi kan Habu ya taɓu, ko iska ke kama shi a kan sitiyari. Daga ranar babu mai shiga motarsa, tasha kuma ba za ta bar shi a layi ba.

Na kira Malam Sagiru na ce ya zo yanzu. Da ya zo na nuna masa, sai ya yi murmushi ya ce in kwantar da hankalina, ai Habun ne da kansa ya roƙa a sa sunansa, kuma ya sa hannu a takardar yarda tun farko. Na tambaye shi da wane harshe aka rubuta takardar. Ya ce Turanci, amma ya yi masa bayani. Na tambaye shi ko ya taɓa karanta wa Habu shafi na bakwai. Sai ya shiga kawo dalilai: an riga an amince, in aka taɓa yanzu za a iya janye maƙalar, kwamiti ba zai jira shi ba, rashin gode wa mutumin da ya taimake ka butulci ne. Raina ya ɓaci, har na ɗaga masa murya, abin da ban saba yi wa mai kawo mini aiki ba. Rabin fushin kuwa da kaina nake yi, don ni na manna.

"Malam Sagiru, ba zan iya tura komai da sunanka ba, kai ne marubuci. Amma yau zan je in karanta wa Habu wannan shafin da Hausa. Ko ka bi ni, ko in tafi ni kaɗai."

Ya bi ni. Bayan Juma'a muka je tasha aka ce Habu ya tafi Kano, sai bayan la'asar. Muka zauna a benci ɗaya, takardar tana naɗe a aljihuna ta jiƙe da gumi. Da Habu ya dawo ya sauke fasinja, ya tarbe mu da murna, yana tambaya ko littafin ya fito. Na ce magana ce ta mu uku. A tasha babu wurin sirri, sai ya ja motar can bayan rumfuna ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, muka shiga ya ɗaga gilasai. Shi yana mazauninsa, ni a gefensa, Malam Sagiru a baya.

Na karanta masa ba tare da na sassauta ko kalma ɗaya ba. Na karanta yadda tun bayan haɗarin da fasinjojinsa suka rasu, in ya hango babbar mota ta nufo shi hannunsa yake rawa, gumi ya karyo masa, ƙirjinsa ya toshe. Na karanta yadda yake fakawa ya ce zai duba taya, ya tsuguna a bayan mota har abin ya lafa, wani lokaci ya yi kuka ya share fuska kafin ya dawo. Na karanta cewa ko matarsa ba ta sani ba. Sannan na juya zuwa ƙarshe na karanta masa godiyar, da sunansa da garinsu. Zafi ya cika motar, babu wanda ya yi tunanin sauke gilashi.

Habu ya yi magana yana kallon gabansa, bai waiwaya ba.

"Har tayar ma ka rubuta, Malam?"

Sai Habu ya ci gaba.

"Ni na ce ka sa sunana, ban musa ba. Na ɗauka irin na kalandar masallaci ne, inda ake jera waɗanda suka taimaka. Gobe da sassafe ina da lodi. In wannan ya fita, wa zai ba ni matarsa da 'ya'yansa in kai Kano?"

Bai zagi kowa ba, da ya zaga ma da ya fi mana sauƙi. Ya tambaye ni kawai ko akwai abin da za a iya yi. Na gaya masa gaskiya, na ce ban sani ba, mutanen da ke da iko a kai suna nesa, kuma ranar aiki ta kusa ƙarewa.

Muka koma shago da sauri. A kan wasiƙar da za mu aika wa edita ma sai da muka yi jayayya. Malam Sagiru yana so a rubuta cewa kuskuren bugawa ne ƙarami, a cire suna ɗaya. Na ce masa na san ofisoshin mujallu: saƙon da ya ce ƙaramin gyara zai kwanta a layi har sai bayan an fitar da aikin, a ce za a gyara nan gaba. Dole kan saƙon ya faɗi abin da yake, cewa asirin wanda aka yi bincike a kansa yana gab da tonuwa, a dakatar da maƙalar. Ya ce wannan kamar ya kai ƙarar kansa ne. Na ce haka ne. Na rubuta layi shida, na juya masa kwamfutar na tashi na tsaya a bakin ƙofa. Ya karanta ya fi sau uku. Intanet ta ɗauke sau biyu kafin saƙon ya tafi, kuma da hannunsa ya tura.

Asabar shiru, Lahadi shiru. Na aika wa mataimakiyar edita, na aika wa adireshin da ke kula da shafin mujallar, duk babu amsa. Na rasa abin yi sai buɗe akwatin saƙo da rufewa. Ranar Lahadi da rana na hango motar Habu ta wuce cike da mutane, na koma cikin shago don kada mu haɗa ido.

Ranar Litinin tun da hantsi Malam Sagiru yana gefena, muna sabunta shafin mujallar. Wajen ƙarfe sha ɗaya sabuwar fitowar ta bayyana. Na bi jerin da yatsa a kan gilashin kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, na sake hawa sama. Tasa ba ta ciki. Jim kaɗan saƙon edita ya shigo. Editar ta ce sun gani a kan lokaci sun cire ta daga fitowar, ba za ta koma ba sai an kawo sabuwar takardar yarda cikin harshen da mutumin yake ji, bayan an karanta masa duk abin da aka rubuta a kansa. Na ji sanyi a raina. Malam Sagiru kuwa ya tashi ya fita bai yi mini sallama ba, domin shi ya san kwamiti ya wuce shi sai wata shekarar.

Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'a. Malam Sagiru ba zai iya faɗa wa abokan aikinsa ainihin abin da ya faru ba, ni ma ba zan iya ba, don faɗin dalilin daidai yake da faɗin sunan Habu. Abin da ya bazu shi ne wai ni Inuwa na lalata wa Sagiru maƙala bayan an karɓa. Malamai suka ɗauke ƙafa, suka koma shagunan da ake turawa cikin rabin awa. Na yi watanni ina buga katin biki da takardun neman aiki, ana yi mini kallon tsohon da hannunsa ya fara rawa. Abin ya yi mini ciwo, musamman da yake ba ni da bakin kare kaina.

Takardar yardar ni na buga ta da Hausa. Habu ya ƙi ganinmu har mako uku. Da ya yarda, na karanta masa komai sau biyu, ya ce a cire suna, a cire taya, a cire maganar matarsa, sauran a bari. Ya sa hannu, ya miƙa wa Malam Sagiru biron, ya gaya masa cikin ladabi cewa ba zai ƙara zuwa zaman shawarar ba. Malam Sagiru ya fi jin wannan a kan ƙarin girman, na gani a fuskarsa.

Maƙalar ta fito bayan wata shida. Godiyar ta koma layi ɗaya, ga direbobin da suka ba da lokacinsu. Duk da haka al'ada ba ta barin mutum: Malam Sagiru ya ce dole ya kai wa shugabannin tasha kwafi, tunda da izininsu ya yi aikin. Na hana shi bai hanu ba, sai na bi shi. Muka tarar da ciyaman, wani dattijo mai suna Alhaji Maikano, a rumfarsa da direbobi kusan goma, Habu yana cikinsu yana jiran motarsa ta cika. Alhaji ya juya takardun ya ce a faɗa musu da Hausa. Malam Sagiru ya taƙaita, har ya zo kan Direba na Uku.

Alhaji ya tambaya ko wane ne wannan bawan Allah. Malam Sagiru ya ce dokar aikin ta hana faɗa. Wani ya ce ƙila ɗan wata tashar ne, wani ya ce shi ya san wani a can kudu mai irin haka, aka fara jefa sunaye. Ban kalli Habu ba, takalmina nake kallo. Alhaji ya ɗaga hannu ya tsayar da su.

"Ku bar zato. Ko ma wane ne, mutumin nan yana shan wahala. Allah Ya ba shi lafiya."

Duk rumfar ta amsa da amin. Na ji muryar Habu a cikin sauran, ba ta fi ta kowa ƙarfi ba, ba ta kuma fi ta kowa rauni ba. Sai ɗan kamasho ya leƙo ya ce motarsa ta cika. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya yi wa Alhaji sallama, ya shiga ya tayar, ya fita daga tashar a hankali da mata da yara cike da bayansa.